Shekarar da Na Sa wa Bashe Ƙafar Raƙumi

Akwai maganar da ke yawo a danginmu tun kafin a haifi wasunku, kuma na san ta kai kunnenku, domin ranar sunan ɗan Balkisu na ga yadda kuka yi tsit da na shigo zaure. Ana cewa na kwaso mutanen gari a mota na bar ubana makaho a daji. Gwaggonku Hajara ce ta fara faɗa, cikin kuka, kuma a ranar ban ga laifinta ba. Amma ita ta share hawayenta tun tuni, maganar kuwa ta ci gaba da tafiya har ta kai bakin jikoki. Yanzu hannuna ya fara rawa, idona ya fara bin hanyar na Baba. Bari in faɗa muku yadda abin ya kasance, kuma daga tayoyi zan fara, don daga can ya faro.

Motar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake ja wa tamfal, wadda 'yan Najeriya ke kira a-kori-kura. Tsohuwa na saye ta a hannun wani mai fataucin gyaɗa da kasuwa ta juya wa baya. Ƙofar gefen fasinja da waya ake ɗaure ta, kuma ba ta tashi sai an tura, shi ya sa duk Tasawa babu gangaren da ban sani ba. Da ita nake bin kasuwanni, Kona da Baudeta da Mayahi, da ita nake ciyar da ku. Tayoyinta ƙanana ne, irin waɗanda ta zo duniya da su, kuma shekara da shekaru sun kai ni ƙauyenmu da ke arewa da Kanambakashe ba tare da gardama ba, saboda ciyawa na riƙe da rairayin hanya. Sai damina ta ƙi. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Dabbobi suka cinye ciyawar, mutane suka share ƙarangiya suka daka suka ci, ƙasa ta zama tsirara. Akwai wani tudu kafin a kai garinmu. Da rairayi ya saki, sai ya sauko ya kwanta bisa hanya. Zuwana na ƙarshe da ƙananan tayoyin nan motar ta nutse har ciki, na wuni ina haƙa, a ƙarshe jakuna suka ƙarasa da buhun da na kawo. Da bazara ta yi, jakunan ma sun mutu.

Ni ne ɗan fari a wurin Baba, don haka tunda nake bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" nake, da na sayi bashe na zama "mai mota". Yanar ido ta rufe masa gani, inuwa kawai yake gani, amma bakinsa bai tsufa ba, ko liman ba ya tsira daga zolayarsa. Hajara ce ke kula da shi, ita da 'ya'yanta, don mijinta ya tafi ci-rani Najeriya aka rufe iyaka yana can. Wata rana wani ɗan garinmu ya zo Tasawa sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ya neme ni a tasha. Ya ce rijiya laka take bayarwa, masu ƙarfi duk sun watse, saura tsofaffi da mata da yara. Na tambaye shi ko Baba ya ba da saƙo.

"Ya ce a gaya ma mai mota kada shi wahal da kainai, lahiya lau muke."

Na san ubana. Da lafiya lau suke, da cewa zai yi in zo masa da goro.

Daga tasha ban biya gida ba, garejin Agali na nufa. Agali Buzu ne, iyayensa makiyaya, amma a Tasawa ya tashi, kuma shi ke yi mana walda da gyaran ƙafar mota. Na faɗa masa ina son abin da zai haye tudun nan. Ya kai ni bayan gareji inda yake tara tayoyi a ƙarƙashin itacen bedi, ya shuri wasu da ƙafa.

"Hanya biyu ce, Lawali. Waɗanga sun ɗara naka kaɗan. Su hau jantinka ba a taɓa komi ba, ka ɗauki kaya yadda ka saba. Amma tudunku ba su haye shi, kada in yi maka ƙarya."

Ya ɗaga wani tsohon buhu, ga wasu manya guda huɗu da jantinsu, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Faɗinsu ya kusa biyun nawa.

"Waɗanga na motar masu haƙar rijiya ne da ta kihe. In ka rage musu iska sai su baje bisa rairai, ba su nitsewa."

"To mi ne aibinsu?"

"Ramun ƙusa. Naka biyar, nasu shida. Sai na yanke cibiyar jantinka na liƙa cikin nasu, in na yanke kuwa babu komawa. Sai kuma na datse bakin bodi. Ko na datse, abin da za ya rage tsakanin taya da ƙarhe bai wuce yatsa huɗu ba. Kana loda ta, bodi ya zamna bisa taya. Lam, ƙarahan nan da ka ɗauke da bodi, su ya kamata a ƙara mata ta ɗaga, lam kuwa Katsina suke, iyaka na ruhe."

Ya ƙara da cewa huɗu ne cif, babu na biyar, don haka ba ni da sukur, wato tayar ajiya, ko ƙaya ta sa baki. Injin kuma tsoho ne, zai ji nauyinsu, zai sha isansi, wato fetur, fiye da da. Na tsuguna a wurin har inuwar bedin ta bar ni, ina duban waɗannan ina duban waɗancan. Ƙanana su ɗauki kowa amma ba su isa, manya su isa amma ban san wa za su ɗauka ba. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku. Na saba yanke shawara a tasha da baki ɗaya, ranar kuwa na tashi na nufi gida ban yanke ba.

Mahaifiyarku na tankaɗen garin rogo na faɗa mata. Ba ta ɗago ba.

"Malam, motar ga ita ka ciyar da mu. In Agali ya yanka ta abin bai hau ba fa?"

"Shi ke nan, mun zama masu ƙarhe a ƙohwar gida."

Ta ci gaba da tankaɗe har na zaci ta gama magana. Can ta aje rariyar.

"In wani abu ya samu Baba kana nan kana auna taya, ba ka ƙara cin tuwon gidan ga da daɗi, mu ma ba mu ci. Tahi a yanka."

Agali ya karɓi rediyona da tsoffin tayoyin a madadin kuɗi. Ina tsaye ya sa wuta a jantina har cibiyar farko ta faɗo ƙasa. Ya daidaita ta cikin babban da zare da alli, ya ɗana, ya juya, ya kwance, ya sake, don in ta karkace ko kaɗan motar za ta riƙa rawa kamar mai zazzaɓi. Sannan ya datse bakin bodin da almakashin ƙarfe ya lanƙwasa shi da guduma. Da aka sauke ta daga kirik, wato jak, direbobin tasha suka zo kallo, aka yi ta dariya. Wani ya ce kaza ta ari takalmin soja. Ni dai hannu na sa tsakanin taya da ƙarfe, yatsa huɗu, kamar yadda aka faɗa mini.

Na ɗora tano, wato durom, cike da ruwa da buhun dawa, aka tura ni. A hanya motar ta zama baƙuwa a hannuna. Sitiyari ya yi nauyi, injin na nishi a wuraren da da take wucewa da gudu, ruwa ya tafasa sai na tsaya ya huce. Duk itacen aduwa da na hango sai na yi masa nisa saboda ƙaya. A gindin tudun na sauka na rage iskar tayoyin da tsinke har suka baje, na yi bisimilla na sa ta a bitas na ɗaya, wato giyar farko. Ta yi kuka, ta ja, ta yi kamar za ta tsaya a tsakiya. Sai na ga hancinta ya leƙa wancan gefen. Na waiga, ga sawu biyu masu faɗi da zurfi sun biyo ni tun daga ƙasa.

Garin da na iske ba garin da na sani ba ne. Babu kukan akuya, babu daka, an kwashe jinkar wasu ɗakuna an ba dabbobin da suka mutu duk da haka. Hajara ta fito da Baba tana riƙe da sandarsa. Bayan gaisuwa bai tambayi hanya ba, ya ce a kai shi wurin motar, don ya ji kukanta ya canza. Ya shafa tayar gaba da tafinsa daga wannan gefe zuwa wancan.

"Mai mota, wagga ba ƙahwarta ba ce."

"An canza mata, Baba, don ta haye tudu."

"Ka ɗauki jaki ka sa mishi ƙahwar raƙumi. Allah shi sa an gaya ma jakin."

Abin da ban lissafa ba a ƙarƙashin bedin Agali shi ne mutanen gari. Ni gidanmu na zo ɗauka. Amma kafin in sha ruwa duk wanda ya rage a garin ya fito da ƙunshinsa ya tsaya a bakin motar, babu wanda ya roƙe ni, tsayawa kawai suka yi. A cikinsu akwai wadda ta goya ni, akwai wanda ya koya mini riƙon hauya. Ku da kuka tashi a birni kuna iya cewa sai in ce babu wuri. A garinmu ba a faɗin haka. Na sauke tanon da dawar don a sami fili, aka hau, mata da yara a tsakiya, tsofaffin maza a gefe, Baba a gaba kusa da ni. Na sa hannu a bayan taya, yatsa ɗaya ma da ƙyar. Aka sauke turmi, aka sauke gadaje da tukwane, wata tsohuwa ta rungume dutsen niƙanta sai da 'yarta ta ɓamɓare hannunta. Masu ɗan ƙarfi suka tura, suka ɗane. Ba mu bar gefen gari ba na ji ƙara a baya, sai warin roba ya shigo. Na sauka. Bakin ƙarfen da Agali ya datse ya zauna bisa tayar baya yana fere ta kamar rogo, ga zaren roba a ƙasa. In ta fashe, babu wata, kuma duk mu kwana a nan.

Na ce sai an rage mutane, gobe in dawo in kwashi saura. Kowa ya dubi ƙasa. Ban ga laifinsu ba, wanda ya sha laka ba ya yarda da gobe. Ina tsaye ina share zufa sai na ji ana kwance wayar ƙofar gaba. Baba ne, yana lalube. Ya sauko da sandarsa ya tsaya.

"In za a rage, daga gidan mai mota a ka hwarawa."

Hajara ta fasa kuka. Na riƙe hannunsa na ce ya koma, shi ba ya gani, nauyinsa ma bai kai buhu ba.

"Ba nauyina za ka rage ba. Tsaya ka gani."

Gaskiyarsa. Da tsofaffin nan suka ga uban mai mota a ƙasa, kunya ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya, har bodin ya ɗaga yatsa biyu suka shiga. Na ce to yanzu ya hau, na ce in ya ƙi ni ma ba ni tafiya. Na faɗa da ƙarfi, gaban mutane, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Lawali. Tada motar."

Shekarata arba'in da wani abu a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ku tambayi duk ɗan fari na zamaninmu abin da zai yi in ubansa ya kira shi haka. Na mirgina musu tanon zuwa inuwar masallaci, na aje dawar, na ce gobe war haka ina nan. Tsofaffin da suka sauka su suka tura mu. Hajara ba ta yi mini magana ba har Tasawa.

A bakin Tasawa akwai shingen sojoji, lokacin mulkinsu ne. Kullum takarda suke tambaya. Ranar sojan bai dubi takarda ba, tayoyin ya zagaya yana kallo, sannan ya tambayi inda na fito. Da na faɗa, ya kira na gaba da shi. Ashe jar dawar taimako ta iso, manyan motoci sun kasa shiga ƙauyuka saboda rairayi, komanda ya ba da umarni a kama duk motar da ke iyawa. Aka bar ni na sauke mutane, sannan aka wuce da ni da motar bariki. Na yi bayani, na roƙa, na ce ubana makaho na can da tano ɗaya. Aka ce kowa na da uba. A zamanin nan ba a yi wa kaki gardama sau biyu. Da ƙananan tayoyina ne ko kallona ba za su yi ba.

Aka haɗa ni da wani sarjan, dattijo daga yamma, Hausarsa guntu-guntu. Motar a bariki take kwana, ni ma haka, don babu mai iya lallashinta sai ni. Aka riƙa aika mu kudu da gabas, wajen Kona da Baudeta, ko'ina ban da arewa. Ba zan ce aikin banza ba ne. Na ga matan da suka tare mu da ƙwarya suna rawar jiki, kuma na san dawar nan ta tsayar da rai da yawa. Amma ni hankalina na cikin tanon nan. Kowace safiya sai na rage ruwansa a raina: yau ya sauka zuwa ƙarfen farko, yau ya kai tsakiya, tsofaffi ne ba sa sha da yawa, amma akwai alwala, kuma Baba ba ya yarda ya yi taimama in yana jin ƙarar ruwa. Mahaifiyarku ta bi gari tana neman mai raƙumi, Agali ya bi danginsa, babu dabbar da ke iya tafiyar. A kwanakin nan ne Hajara ta tsaya a tsakar gida ta ce na bar ubanmu a daji. Kullum in ce wa sarjan arewa, kullum ya ce gobe. Har ranar da na duba tanon a raina na ga gindinsa.

Bayan nan aka ba mu Kanambakashe. Ranar kasuwa ce amma babu kasuwa, sai layin masu jira. Da aka gama saukewa, rana tsaka, sarjan ya cire hularsa ya dubi arewa, sannan ya dube ni.

"Shofer, ni salla, ni kwana. Barci nawa nauyi. La'asar, mota nan."

Ban tsaya godiya ba. Na tsoma kara a tanki na ga isansin zai kai ni, dawowa kuwa sai abin da Allah ya yi. Masu jiran dawa suka tura ni. Tun daga fitar gari na hau sawuna na ranar nan, don babu motar da ta bi hanyar bayana. Iska ta cike shi a wasu wurare, amma da yake da kaya na fito kuma tayoyin a baje, ya yi zurfi, yana nan kamar kunya biyu a gona. Ina tafe ina addu'a, ina kuma shirya abin da zan gaya wa Hajara in na iske abin da nake tsoro. Ban kai tudun ba na hango wani farin abu a gindin aduwa, dab da hanya. Na ɗauka tsumma ne. Da na matso na ga sanda.

Yana jingine da itacen, gorarsa a kife, leɓɓansa sun tsage. Na taɓa wuyansa na ji yana bugawa a hankali. Na jiƙa bakin rawaninsa ina matsa masa a baki kaɗan-kaɗan, ina kiran Baba, Baba, kamar yaro. Da na ɗaga kai na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido: cikin sawun tayar hagu, sawun ƙafar mutum ne a jere, da ramin sanda a gefe, sun miƙe har kan tudu sun ɓace. Daga baya na ji cewa da ruwa ya kusa ƙarewa sauran tsofaffin sun nufi wata rijiyar makiyaya, suka yi da shi ya bi su, ya ce yaro ya ce yana zuwa, kada ya zo ya iske ba kowa. Da ya ga shiru, ya lalubo inda motar ta tsaya, ya sa ƙafarsa cikin sawun. Damina biyu ya ƙara yi tare da mu a Tasawa, kuma ke Balkisu, shi ya yi miki huɗuba.

Can ya motsa. Ya haɗiyi ruwan, ya yi tari. Bai nemi hannuna ba, ya miƙa nasa gefe yana lalube har ya taɓa tayar gaba, ya shafa ta daga wannan gefe zuwa wancan. Sai da na kai kunnena bakinsa na ji abin da yake cewa.

"Mai mota, ka makara."

"Na makara, Baba."

"Sawun ga naka hwaɗi gare shi, ko makaho bai hita ciki." Ya huta, ya sake haɗiye ruwa. "Ɗauke ni. Tawa ƙahwar nan ta ƙare, saura ta raƙumin."